Mutumin Da Ya Fi Raƙumin Dawa Tsawo

Duk wanda ya zauna kan bencin lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar nan, daga Yamai har Difa, ko ya manta sunan mushen da ya koya masa baƙi, bai manta fuskar Mushe Halidu Yahaya ba. Allah ya yi mana baiwa da mutumin nan, mu ne dai ba mu iya godiya ba. Shi ne Direkta Janar na Maɗabar Gani-da-Ido da ke unguwar Maurey, gidan da ke buga littattafan nan masu hotuna: na dabbobi, na itatuwa, na kifayen kogi, na kayan aikin kakanni. A saman ƙofar gidan an rubuta da manyan baƙaƙe: LITTAFINMU BA YA ƘARYA. Shi ya ƙago maganar, kuma kullum da safe yakan tsaya ya karanta ta da ƙarfi kafin ya shiga biro, don taimakon masu wucewa da ba su yi karatu ba.

Wasu rubuta littafi suke yi, wasu bugawa. Mushe Halidu shi shiga ciki yake yi. Buɗe shafin kuka, ga shi tsaye a gindinta cikin farar shadda. Juya zuwa dorina, ga shi a gefenta yana murmushi, kai ka ce aji ɗaya suka yi. Jimina, suri, kwalekwale, turmi, har kada, babu wanda ya tsira. In ka tambaye shi dalili, sai ya gyara hula ya ce, "Wannan kimiyya ce, ɗan'uwana. Ba a sa hoton abu shi kaɗai. Dole a tsayar da mutum kusa da shi don a san girman abu. To wane mutum? Ai ba kowane tarkace za a kai gaban ƴaƴan ƙasa ba. Jikina na sadaukar." Ma'aikatansa, saboda tsananin ƙauna, suna kiransa Ma'auni. In ya ba da baya, ba shakka.

Madam Dorkas Natanayel ce mai tsara shafuka a ordinatar, wato kwamfuta, kuma ta fi kowa sanin inda al'adar nan ta fito, don daga hannun mahaifinta ta fito. Marigayi Malam Natanayel malamin lakwal ne a Dogon Dutsi, dogo na gaske, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar coci. Allah ya ba shi hannun zane. Wata rana ya zana dorina a allo, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye shi ko dabbar ta kai ɓera girma. Abin ya tsaya masa a rai. Daga ranar, duk abin da ya zana sai ya sa ɗan mutum a gefe, marar fuska, marar suna. Da ya dawo Yamai ya haɗu da Halidu, wani ɗan gajeren saurayi mai sayar da alli a bakin kasuwa, mai tsohon mobilet da baki kamar reza. Suka kama shago tare. Malam na zane yana rubutu, Halidu na ɗaure littattafai a bayan mobilet yana bin lakwal-lakwal. A ba shi haƙƙinsa: in ya shiga wurin shugaban lakwal da kaya, ba ya fitowa da ko littafi ɗaya.

Shekarar da suka samu kyamara, Malam ya ga wani ƙaton suri a hanyar Kure, ya rasa wanda zai tsaya kusa da shi. Ya ce, "Halidu, ɗan tsaya nan." Halidu ya tsaya. Wallahi da Malam ya san abin da ya kunna ran nan, da jaki ya nemo.

Muddin Malam na raye, Halidu ya zauna a tsawon da Allah ya ba shi. Bayan rasuwarsa ne girma ya fara. Sauran mutane a ƙuruciya suke gama tsawo, shi nasa sai da furfura ta fito ya soma. Duk lokacin da za a sake buga littafi, Dorkas takan ji ƙamshin turare a bayan kujerarta.

"Ƙara ni kaɗan."

"Baba, bara ma mun ƙara."

"A biro babu Baba. Mushe Direkta Janar. Ƙara ni kaɗan, na ce. Kyamarar da can tana danne mutum."

Sai ta ƙara. Me za ta yi? Ta zauna a gidan ne don zane-zanen mahaifinta duk suna nan, cikin durowa da jikin bango, kuma ta san ranar da ta fita, washegari za a nannaɗe gyaɗa da su a bakin titi. Ga wani laifi kuma da ta gada, tsawon ubanta ta ɗauko. Shi ya sa dokar biro ta gidan ta bambanta da ta ko'ina: a wasu wurare in shugaba ya shigo miƙewa ake yi, a nan kuwa zama ake yi, kuma Dorkas ce ta farkon zama.

A bugun farko na littafin dabbobi, hular Mushe Halidu ba ta kai cikin raƙumin dawa ba. A na gaba ya kai kafaɗa. A na bayan nan kuwa, ga shi ya ɗora hannu a kan dabbar yana dubanta daga sama cikin tausayi. Gemu ya koma baƙi wuluk, tumbi ya tafi inda ba a sani ba. A littafin kifaye yana riƙe da giwan ruwa da yatsa biyu. Masuntan bakin gada sun yanke shafin sun manna a rumfarsu, duk ranar da kogi ya hana sai su dube shi su yi dariya su huce.

Ilimi kuwa ya yaɗu. Wani mushe daga Maraɗi ya kwashi ajinsa ya kai su Kure su ga raƙuman dawa da idonsu. Yara suka sauka daga mota da harawa a hannu suna kiran "zo, zo", don a saninsu abin bai wuce ɗan akuya ba. Da na farko ya leƙo ta saman gawo, aji ya watse: wasu ƙarƙashin mota, wasu bayan mushen, mushen kuma bayan shofar mai tuƙa motar. Bawan Allah ya zo har Maurey ya kawo ƙara. Direkta ya saurare shi da haƙurin manya, sannan ya ce, "Ka taɓa jin canjin yanayi? To shi ne. Dabbobin yanzu ba sa tsayawa inda kimiyya ta bar su. Mu mun auna, mun buga. In sun ƙara daga baya, wannan tsakaninsu da masu gandun daji ne." Mushen ya fita hannu ɗaya dafe da kai, ɗayan riƙe da sabon littafin itatuwa da bai san yadda aka yi ya saya ba.

Bana maɗaba ta cika shekara talatin, sai Direkta ya ga lokaci ya yi da duniya za ta san yadda aka faro. Za a buga tarihin gidan da hotuna, a yi biki a wani babban zaure a Gaweye, a gayyato malamai daga Dutsi da Maraɗi, da manyan gwamnati na unguwar Filato. Sunan littafin, saboda tawali'u, gajere ne: Ni Kaɗai. Shi ke faɗa yana zagaya biro hannu a baya, Dorkas na bugawa.

"Rubuta. A lokacin ƙasa tana cikin duhu. Yaro bai san bambancin dorina da ɓera ba. Sai wata rana ina zaune a bakin kogi, ni kaɗai, wani tunani ya sauko mini. Na ce, Halidu, in ba kai ba wa? Na waiga dama, ba kowa. Na waiga hagu, ba kowa."

Yatsun Dorkas suka tsaya. "Mahaifina fa, Mushe Direkta?"

"Mutumin kirki ne, ba na musu. Yakan ɗan taimaka mini da fensir. Amma tarihi ba gidan biki ba ne da kowa zai shigo. In na sa shi, sai in sa mai shara, in sa mai kawo shayi. Ina za a tsaya? Rubuta."

Sai aka zo kan hoton. Hoto ɗaya tak aka ɗauka ranar da aka buɗe shagon, kuma tun da Malam ya rasu yake rataye a bayan ƙofar ɗakin ajiya. Ga Malam Natanayel, kansa na gogar allon shago, ya dafa kafaɗar Halidu. Hular Halidu ta tsaya daidai hammatar abokinsa, kunnuwa kuwa a baje kamar mariƙin tukunya. A allon an rubuta sunayensu biyu, na Malam a gaba. Direkta ya dubi hoton kamar ya ga wanda ya taɓa marinsa a kasuwa.

"Cire dogon nan. Sa kantar littattafai a wurinsa. Gyara allon. Ni kuma ki ƙara ni kaɗan. Tsohon ki jefa a shara, ya sha rana, yana ɓata ido."

Dorkas ta ji abin har cikin ƙashinta. Ta haɗiye raƙumin dawa, ta haɗiye dorina, ta haɗiye giwan ruwa. Amma da hannunta ta goge ubanta daga gidan da ya gina? Ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta wanke fuska, ta dawo ta yi aikin, don in ba ta yi ba wani zai yi, kuma wanin ko fensirin Malam ba zai bari ba. Ta goge shi sannu-sannu, ta fara daga takalma, ta bar fuska a ƙarshe. Tsohon hoton kuwa ta zare shi daga gilashi ta sa a jakarta, cikin littafin waƙoƙin coci. Abin da take so ba shi da yawa: ranar bikin nan a ambaci sunan mahaifinta a gaban mutane, ko sau ɗaya. Ta bi jawabin Direkta daga farko har ƙarshe, sunan bai fito ba ko da kuskure.

Shirin biki kuwa Direkta bai bar wa kowa ba. Ƙofa biyu ce a zauren: ta gefe don jama'a, babba mai jar darduma don mutum ɗaya. Aka ɗauko wani Bawa, tsohon ɗan kokawa daga Tawa, ya tsare babbar. Direkta ba ya ganawa da masu gadi ido da ido, girma bai yarda ba. Sai ya aika masa littafin dabbobi ta hannun shofar, ya bi shi da saƙon murya a waya. Muryar kam, a faɗi gaskiya, ta mai tsawon raƙumin dawa ce.

"Gardi, saurara da kyau. Babu mai taka dardumar nan sai ni. Ko minista ne, ya bi ta gefe. Ba sai an nuna maka ni ba, buɗe shafin raƙumin dawa, ga ni nan. Mutane za su zo su ce maka kaza da kaza. Kada ka saurari kowa. Mutum yana ƙarya, littafinmu ba ya ƙarya."

Dorkas na jinsa. Ta yi gyaran murya ta ce ko zai sa katin shaida a aljihu ranar, don kar a ce ba ta faɗa ba. Ya yi mata dariyar tausayi. "Katin shaida na waɗanda ba a sani ba ne, Madam. Ni fuskata tana cikin kowane aji a ƙasar nan."

Ranar biki bayan la'asar zaure ya cika maƙil. Tsofaffin malamai sun zo cikin kayan coci da kayan Juma'a, manyan Filato sun zo suna duba agogo, ma'aikatan maɗaba an jera su can baya kusa da lasifika. Direkta ya bari sai da kowa ya gaji da jira, sannan motarsa ta tsaya a bakin darduma. Ya sauko cikin shadda mai ƙara, ya sallami shofar nan take don kada ya shiga hoto, ya ɗaga hannu biyu ga masu leƙowa ta taga, ya ɗaga ƙafa zai taka ja.

Sai ya ci karo da ciki. Cikin Bawa.

Bawa ya buɗe littafi. Ya dubi shafi, ya dubi sama can wajen rassan bedi, ya sake duban shafi. Sannan ya sunkuyo da ladabi ƙwarai ya ce, "Sannu, Baba. Ƙofar jama'a tana gefe. In kai ne mai riƙe masa jaka, ka ce masa an gaji da jira."

"Ni ne! Ni ne Direkta Janar!"

"Muryar kam ta yi kama," in ji Bawa. "Amma ya ce za a zo a ce mini kaza da kaza."

Tirƙashi! Direkta ya yi Faransanci, ya yi Zabarmanci, ya dawo Hausa. Ya nuna fuskarsa, ya nuna shafi. Bawa ya duba tsakani da Allah, don mutum ne mai riƙon amana. Na littafi gemunsa baƙi, wannan fari fat. Na littafi ba tumbi, wannan tumbin ne ya fara isowa. Na littafi yana shafa kan raƙumin dawa, wannan ko kan Bawa ba zai taɓa ba sai da kujera. Direkta ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya ƙara kansa kaɗan da kansa, ba ordinatar. Bai isa ba.

Hayaniya ta jawo mutane waje. Ma'aikata suka rantse shi ne, Bawa ya ce ai su ma mutane ne. Malaman da suka zo daga nesa, waɗanda suka yi shekaru suna nuna wa yara hoton, suka tsaya suna kallon ɗan tsohon da ke tsalle. Wasu na cewa ƙaninsa ne, wasu na cewa a ba shi ruwa. Wani babba daga Filato ya fara laluben makullin motarsa, kuma wannan ne ya karya Direkta. Idonsa ya yi ta yawo cikin taro har ya sauka kan Dorkas da jakar da ta rungume. Duk abinsa, ya san ɗiyar Malam ba za ta jefa ubanta a shara ba.

"Dorkas. Ɗiyata." Rabonsa da kiranta haka tun ranar jana'iza. "Hoton nan. Na san yana wurinki."

"Wanne, Mushe Direkta Janar?"

"Baba. Ce mini Baba."

"Wanda ya sha rana, yake ɓata ido?"

Ta bar shi ya ɗan dahu, Allah ya yafe mata, don abin ya yi mata daɗi ba kaɗan ba. Sannan ta buɗe littafin waƙoƙi ta zaro hoton.

Bai kai hannun Bawa ba. Wata tsohuwa mai sanda, Madam Hannatu, da ta daɗe tana shugabar lakwal a Dutsi, ta fizge shi ta kai kusa da tabarau, sai ta saki ƙara. "Wayyo, Malam Natanayel! Jama'a, ga Malam! Ni ce fa na tambaye shi ko dorina ta kai ɓera!" Malamai suka yi caa a kanta. Wannan ya ce Malam ya koya masa riƙe alli, waccan ta ce taswirar da ya zana mata har yau tana bango. Tsofaffi na share hawaye da gefen mayafi. Dorkas ta tsaya tana jin sunan mahaifinta na tashi daga baki zuwa baki har bakin titi, ita da sau ɗaya kawai ta roƙa. Ta yi kuka, wannan karon ba a banɗaki ba.

"Wannan kuma ɗan Halidunsa ne mai mobilet," in ji Madam Hannatu, tana nuni da sanda daga hoto zuwa mutum. "Ga kunnuwan nan, ba su canza ba."

Bawa ya karɓi hoto a hannun dama, littafi na hagu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To, Baba, abu biyu ne a hannuna, kuma ba su yarda da juna ba. Wanne ne ya yi ƙarya?"

Direkta ya motsa baki.

"Ban ji ba," in ji Bawa.

"Littafin," in ji Direkta Janar na Maɗabar Gani-da-Ido, a gaban Dutsi da Maraɗi da Filato.

Bawa ya kauce, ya sara masa. Sai dai dardumar ta riga ta sha takun kowa, har da mai sayar da ruwan leda.

A ciki, Madam Hannatu ta kafe sai an haska tsohon hoton a bango, inda aka shirya haska Direkta da raƙumin dawa. Wa zai yi musu da mai sanda? Aka haska. Malam Natanayel ya cika bango daga ƙasa har rufi. A ƙarƙashinsa Direkta ya hau dandamali, ya tarar masu zauren sun ɗaure mikro daidai tsawon da littafi ya faɗa. Sai da aka jawo masa kwalin Ni Kaɗai ya taka, sannan bakinsa ya kai. Ya gyara hula, ya buɗe jawabi: "A lokacin ƙasa tana cikin duhu." Babu mai kallonsa. Duk ido na can sama da hularsa.

Wata matashiyar malama daga Maraɗi, da ta shigo a makare ba ta ga abin da ya faru a ƙofa ba, ta zauna kusa da Dorkas. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta matso ta raɗa mata, "Yaya, dogon na ji an ce shi ya kafa gidan. To ɗan ƙaramin nan da ke hammatarsa fa, me ya sa aka sa shi?"

Dorkas ta share ido, ta gyara zaman jaka a cinya.

"Al'adar gidanmu ce," ta ce. "Muna sa shi ne don a san girman abu."